Babban ramin ƙazanta na Landan: yadda aikin yake tafiya

28 ga Janairu, 2016

Yau magajin garin Landan, Boris Johnson, ya buɗe Ramin Lee, wanda ya tashi daga tashar famfo ta Abbey Mills ya dire a matatar ƙazanta ta Beckton, can gabashin birni. Tsawonsa kilomita 6.9, faɗin cikinsa mita 7.2. Wannan somin-taɓi ne. Babban aikin, wato ramin kilomita 25 da zai bi ƙarƙashin kogin Thames tun daga Acton a yamma, bana za a kama shi gadan-gadan, kuma shi nake son in riƙa bibiya a nan.

Ciwon Landan guda ɗaya ne. A tsofaffin unguwanni, bututun da ke ɗaukar ruwan bayi da na wanke-wanke shi ne dai yake ɗaukar ruwan sama, kuma da gangan aka gina shi haka. A lokacin zafi na 1858 kogin ya yi ɗoyin da 'yan majalisa suka kasa zama a zaurensu na bakin ruwa, har aka riƙa jiƙa labule da sinadari ana ratayawa a tagogi. Sai da warin ya iske manya a kan kujerunsu sannan kuɗi ya fito. Injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai na bulo masu tsawon kusan kilomita 130, suna tare ƙazantar kafin ta gangara kogi, suna janta gabas. Ya san akwai ranar da ruwan sama zai fi ƙarfinsu, sai ya bar musu bakuna a jikin katangar kogi: in sun cika su amayar a Thames, maimakon najasa ta koma da baya ta ɓullo a ɗakunan mutane. Dabara ce mai kyau a zamaninsa, domin ya yi lissafin mutum kusan miliyan 4, kuma ƙasa na shanye ruwa da yawa.

Yanzu mazauna Landan sun haura miliyan 8 da rabi. Filin da ke gaban gidaje, inda a da ake shuka fure, an malale shi da siminti don ajiye mota. Ko ba a yi ruwa ba, magudanan suna tafiya kusan cike. Yayyafin da bai wuce milimita 2 ba ya isa ya sa wasu bakunan su buɗe. Abin da aka tanada don ranar larura ya zama na kusan kowane mako, kuma a shekarar da ruwanta bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba, tan miliyan 39 na gaurayen ƙazanta da ruwan sama ke shiga kogin.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Thames a cikin Landan ba gangara kawai yake yi ba. Sau biyu a rana teku na turo shi baya. Abin da aka zubar da safe a yamma zai gangara, ya dawo, ya sake gangarawa, yana iya yin makonni yana wannan kai-komon kafin ya fita. Ƙwayoyin da ke ruɓar da najasa suna cinye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa. A Agustan 2004 da Yunin 2011 an wayi gari da dubban matattun kifaye a gaɓa bayan ruwa mai ƙarfi. Akwai ma jiragen ruwa guda biyu da aikinsu ke nan, su bi kogin suna hura masa iskar oksijin in ya shaƙe. A Oktoban 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa Birtaniya ta karya dokar ruwan ƙazanta ta 1991 a kan wannan batu.

Abbey Mills shi kaɗai yake zubar da kusan kashi 40 cikin ɗari na jimillar, tan miliyan 16 a shekara, cikin kogin Lee mai shiga Thames. Shi ya sa aka fara da shi.

Nuwamba 2016

An killace wurare a bakin kogi, an fara kawo kaya. Wuraren aiki 24 ne gaba ɗaya. Wasunsu a tsakiyar gidajen mutane suke, kamar Chambers Wharf a Bermondsey, inda mazauna suka daɗe suna jayayya, kuma da gaskiyarsu: shekaru za su yi da ƙarar injina a bakin taga.

Batun kuɗi ya cancanci a tsaya a kansa. Thames Water, kamfanin ruwan da aka sayar wa 'yan kasuwa a 1989, ba shi ke ginawa ba. An kafa wani kamfani daban mai suna Tideway, hukumar Ofwat mai sa ido kan kamfanonin ruwa ta ba shi lasisi a Agustan 2015, masu zuba jari suka sa kuɗi, gwamnati ta tsaya musu a kan wasu manyan haɗurra. An ƙiyasta aikin a kan fam biliyan 4.2. Masu biya su ne masu shan ruwa, ta takardar kuɗin ruwa, kuma tun yanzu ake cira, tun ba a haƙa ko taku ɗaya ba. Da farko an ce ƙarin zai kai fam 70 zuwa 80 a shekara ga kowane gida. Da aka samu bashi mai sauƙin ruwa sai aka sauko zuwa 20 zuwa 25.

Masu adawa ba 'yan hayaniya ba ne kawai. Farfesa Chris Binnie, wanda ya shugabanci kwamitin da ya ba da shawarar a yi ramin tun 2005, daga baya ya juya ya ce da Ramin Lee da gyaran matatu an riga an ci rabin yaƙin, ragowar a bi ta hanyoyi masu araha: a fasa siminti, a dasa itatuwa, a yi rufin gini mai ciyawa, a bar ƙasa ta sha ruwanta. Masu ramin suka amsa da cewa ƙasan Landan yumɓu ne mai riƙe ruwa, tituna matsattsu ne, kuma raba bututun ruwan sama da na bayi na nufin a tone kusan kowane layi a birnin.

Ni dai ina ganin ramin ya zama dole, amma a san abin da aka saya. Ba ya rage ko ɗigon ruwan da ke shiga magudana. Kamar mai ɗakin da ke yoyo ne ya samo ƙaton baho ya tara: shimfiɗa za ta tsira, amma rufin yana nan yadda yake. Duk abin da zan rubuta nan gaba, da wannan ma'aunin zan auna shi.

Nuwamba 2017

An gama fasa dunƙulen maiƙon Whitechapel. A Satumba aka gano shi ya toshe wata tsohuwar magudana: tsawon mita 250, nauyin tan 130, man girki ne da kitse da aka tuttula a wurin wanke-wanke suka haɗu da jiƙaƙƙen tishu da ƙunzugun jarirai suka daskare. Mako tara ma'aikata suka yi a ƙasa, da mesa mai feshi da ƙarfi, ƙarshe ma da shebur da hannu.

Abin da ya haɗa wannan da aikin rami shi ne, duk bututun da maiƙo ya cinye rabin cikinsa, rabin ruwan da ya kamata ya sa shi tumbatsa ya ishe shi. Jiƙaƙƙen tishun nan da ake rubuta wa cewa ana iya jefa shi a masai, yawancinsa da roba a ciki, ba ya narkewa. Babu injiniyan da zai yi maganin abin da mutum ke jefawa a bayinsa in ya rufe ƙofa.

Nuwamba 2018

An fara haƙa. A Kirtling Street da ke Battersea an gina rijiya mai zurfin fiye da mita 50, aka zura injina biyu a ciki, ɗaya ta fuskanci yamma ɗaya gabas. Sunan ta yamma Millicent, don tunawa da Millicent Fawcett mai fafutukar 'yancin zaɓe ga mata. Ta gabas Ursula, sunan wata masaniyar kimiyya. Duka injina shida da za su yi aikin sunan mata aka sa musu, jama'a ne suka zaɓa: akwai Rachel, Charlotte, Annie da Selina.

Injin irin wannan masana'anta ce mai rarrafe. A gaba akwai faifan ƙarfe mai haƙora da ya kusa mita 9 a faɗi, yana juyawa yana gugar ƙasa. A bayansa wani hannu na ɗaukar lanƙwasassun allunan kankare yana jera su zobe, sai injin ya dogara da zoben da ya gama ya tura kansa gaba. Ƙasar da ya ci tana bin bel ta fito baya. Jikinsa duka ya kai mita 100, da mutane a ciki dare da rana.

An raba aikin gida uku, kuma ƙasa ce ta raba shi: yumɓu a yamma, yashi da tsakuwa a tsakiya, alli a gabas, kowanne da irin injin da yake so. Ramin zai fara da zurfin kusan mita 30 a Acton ya ƙare da fiye da mita 60 a Abbey Mills. Gangarar mita ɗaya ce a kowace mita 790, wadda ido ba zai gani ba, amma ta isa ta sa ƙazanta ta yi tafiyarta da kanta ba famfo, har sai ta isa Beckton.

Disamba 2018

Masu binciken kayan tarihi da ke aiki tare da maginan sun tono ƙwarangwal ɗin wani mutum a laka a Chambers Wharf, kwance rub da ciki, da dogayen takalman fata har cinya a ƙafarsa. Sun ce ya kai shekara 500, kuma alama ta nuna a kogin yake neman abincinsa. Takalman ba su ruɓe ba. Allah Ya jiƙan na ƙasa.

Oktoba 2019

Wanda ya tsaya a kan gadar Blackfriars ya leƙa zai ga yadda ake ƙwace fili daga hannun kogi. An kakkafa faifayen ƙarfe a cikin ruwa sun yi katanga, an zuƙe ruwan ciki, an cike, ga ƙugiyoyin ɗaga kaya a kai. A ƙarƙashin wannan gadar ne tsohon kogin Fleet yake fitowa, kogin da aka binne tun ƙarnonin baya ya koma magudana. In teku ta janye ana ganin laka baƙa da tarkacen da ruwan jiya ya bari, da tsuntsaye suna tsattsaga.

Aikin da ya fi wuya a nan yake, ba a dogon ramin ba. Kowane tsohon baki sai an tare shi, an karkatar da shi zuwa wata rijiya da za ta sauke ruwan zuwa ramin. In aka bar tan dubbai na ruwa ya faɗo kai tsaye daga tsayin mita 40 ko 50, zai farfasa kankaren ƙasa. Don haka a cikin kowace rijiya akwai bututun da ke sa ruwan ya yi juyi, ya bi bango yana murɗawa har ƙasa, ƙarfinsa ya mutu a hanya. Iskar da ruwan ya kora kuma dole ta samu mafita, sai a bi da ita ta matatar gawayi don kada unguwa ta ɗauki wari. Duk wannan ana yin sa ne a jikin bulon da ya haura shekara 150, wanda ba a isa a tsayar da aikinsa ko na awa ɗaya ba, domin mutane ba za su daina shiga bayi don ana gyara ba.

Abin da na yaba: ƙasar da ake tonowa ta kogi ake kwashe yawancinta, a manyan kwale-kwalen dako da jirgi ke ja. Kowane ɗaya na ɗauke kayan tifa masu yawa daga titi.

Agusta 2020

Annobar korona ta tsayar da yawancin wuraren aiki a ƙarshen Maris, aka dawo da mutane kaɗan-kaɗan da tazara. Kamfanin Tideway ya sanar da jinkirin wata tara da ƙarin fam miliyan 233. Ƙarshen aiki ya koma 2025.

26 ga Yuli, 2021

Sau biyu a wannan watan, ranar 12 da jiya 25, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Landan. Ruwan wata guda ya zuba cikin 'yan awanni. Tashar jirgin Pudding Mill Lane ta zama tafki, asibitocin Whipps Cross da Newham sun roƙi marasa lafiya su nemi wani wurin, gidajen da ke ƙarƙashin ƙasa sun cika da ruwa mai haɗe da najasa.

Na ji mutane na cewa bari ramin ya kammala a huta. Ba za a huta ba, kuma gara a faɗa tun yanzu. Ramin yana tare abin da ya riga ya iso bakin kogi ne. Ruwan da ya shiga ɗakunan mutane tun a unguwa ya fi ƙarfin ƙananan bututu, bai ma kai ga manyan magudanai ba, balle ramin. Maganin wannan yana sama, a kan titi: ramukan shuka a gefen hanya da ke karɓar ruwan kwata, daɓe mai tsotse ruwa, tankin tara ruwan rufi. Irin aikin da babu mai zuwa yanke masa ƙyalle, kuma yana warwatse a hannun ƙananan hukumomi 33, kowace da aljihunta.

Janairu 2022

Labari biyu, ɗaya mai daɗi. A Nuwamba ƙungiyar masana dabbobi ta Landan ta fitar da rahoto kan lafiyar Thames. Kogin da a 1957 aka ce wasu sassansa sun mutu murus, yanzu yana da kifi fiye da nau'i 100, har da ƙananan kifayen shak a wajen bakin teku. Gyaran matatu na shekara da shekaru ne ya kawo haka.

Na biyu shi ne wanda ya fito a wannan watan: matatar Mogden da ke Isleworth ta saki lita fiye da biliyan 2 na ƙazantar da ba a gama tacewa ba cikin kwana biyu, 3 da 4 ga Oktoban 2020. Ranar 3 ɗin ita ce ranar da aka fi tafka ruwa a tarihin ma'aunin Birtaniya. A duba taswira: Mogden tana sama da inda ramin ya fara. Duk abin da ta zubar, ta kan ramin zai bi ya wuce, ya ratsa birnin, ramin na ƙasa bai san ana yi ba.

Afrilu 2022

Haƙa ta ƙare. Selina ta fasa bangon rijiyar Abbey Mills bayan tafiyar kilomita 5.5 cikin alli, Annie ma ta gama reshen Greenwich. Da babban ramin da rassansa biyu, kusan kilomita 30 ke nan cikin ƙasa da shekara huɗu, a ƙarƙashin gadoji da layukan jirgin ƙasa, ba tare da wani gini ya rufta ba. Saura a zuba kankare na biyu a ciki, domin shekara 120 ake so ya yi.

Satumba 2023

An buɗe sabon dandali a Putney, na farko cikin bakwai da za su zauna a kan rijiyoyin. Mai zama a benci yana kallon masu tuƙa kwale-kwale ba zai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. A gefe guda kuma shugabar Thames Water ta ajiye aiki a Yuni, bashin kamfanin ya kai fam biliyan 14. Kamfanin da za a miƙa wa ramin ya gudanar ke nan.

31 ga Maris, 2024

Mako guda, labari huɗu, kuma sai an jera su ake ganin hoton.

An ɗora murfin kankare mai tan 1,200 a kan rijiyar Abbey Mills, ginin ƙarƙashin ƙasa ya kammala. Kuɗin ya kai fam biliyan 4.5. Ranar Laraba hukumar kula da muhalli ta fitar da alƙaluman 2023: a faɗin Ingila bakunan magudanai sun yi awa miliyan 3.6 suna zuba, ninki biyu na bara waccan. Kamfanoni sun ce shekarar ruwa ce. Gaskiya ne, amma ai don ruwan aka ce a gyara. Ranar Alhamis masu hannun jarin Thames Water suka ƙi sakin fam miliyan 500 da suka yi alkawari.

Jiya Asabar aka yi tseren kwale-kwale na shekara tsakanin jami'o'in Oxford da Cambridge, daga Putney zuwa Mortlake. Al'ada ce waɗanda suka ci su ɗauki mai riƙe musu akala su jefa shi a ruwa. Bana an hana, saboda gwajin da wata ƙungiya ta yi kusa da gadar Hammersmith ya nuna ƙwayar cutar E. coli, wadda ake samu a najasa, ta wuce kima nesa ba kusa ba. An ce 'yan wasa su rufe duk wani rauni, su wanke jiki da sun fito. Cambridge ta ci, ba a jefa kowa ba, wasu 'yan Oxford kuma sun ce da ciwon ciki suka yi tseren. Duk wannan a saman ramin da aka gama ginawa amma ba a buɗe ba.

Oktoba 2024

Ya fara aiki. A Mayu aka fasa katangar da ta raba shi da Ramin Lee, suka zama abu ɗaya mai ɗaukar tan miliyan 1.6 a lokaci guda. Yanzu an buɗe huɗu cikin ƙofofi 21 da ke karkatar da ƙazanta daga tsofaffin magudanai zuwa ramin. Ranar 23 ga Satumba an yi ruwa mai ƙarfi, kuma da waɗannan 'yan ƙofofin kaɗai, haɗe da na Lee, an tare tan 589,000 a yini ɗaya.

A lura da lissafin. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin ramin ke nan, a rana ɗaya, da ƙofofi 17 a rufe. In ya cika, sai famfunan Beckton sun ɗago ruwan daga zurfin kusan mita 80, matatar ta tace shi a kan wanda take karɓa kullum, kuma hakan na cin kamar kwana biyu. Hadari biyu a jere su ne jarrabawar gaske. Masu zanen ma ba su ɓoye ba: sun ce za a rage zubar da kusan kashi 95 cikin ɗari, za a ci gaba da samun 'yan lokuta a shekara da zai cika a koma wa kogi.

18 ga Fabrairu, 2025

Ranar 14 aka sanar da haɗa ƙofa ta 21, ta ƙarshe. Zuwa ranar an tare tan miliyan 5.5. A rana guda ta ƙarshen Nuwamba ma an tare kusan tan 850,000. Wannan nasara ce, ba sai an yi mata kwaskwarima ba: duk wannan da cikin kogi zai shiga.

Yau kuma babbar kotu ta amince Thames Water ya ciwo bashin gaggawa na fam biliyan 3 don kada ya durƙushe, a kan bashin da ya doshi biliyan 20. Daga Afrilu kuɗin ruwan gidaje zai tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kason ramin a cikin takardar ƙarami ne, amma mai biya jimilla yake gani.

Ƙarshen Mayu 2025

Ranar 7 Sarki Charles ya zo Blackfriars ya ƙaddamar da ramin, a kan sabon dandalin da aka sa wa sunan Bazalgette. Adadin da aka tare ya kusa tan miliyan 7. Wanda ya kwatanta da na Fabrairu zai ga ƙarin bai taka kara ya karya ba, kuma dalilin a sama yake: bazarar bana ta zo da fari irin wanda Ingila ta fi shekara ɗari ba ta gani ba. Injiniyoyi na buƙatar manyan hadari su gwada ƙofofi da na'urorin da ke sarrafa su kafin su miƙa aikin, ga shi sararin sama ya ƙi ba da haɗin kai. Mutanen da suka yi shekara tara suna yaƙi da ruwan sama yanzu su ne ke roƙonsa.

Ranar 28 Ofwat ta ci tarar Thames Water fam miliyan 122.7, mafi girma da ta taɓa yi, fam miliyan 104.5 daga ciki saboda sakaci da matatu da magudanai, ragowar saboda ribar da aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Yawancin laifin a wuraren da ramin bai kai ba ne: ƙananan matatu a sama da Landan, da rafukan da ke shigowa Thames.

Yuli 2025

Faris, babban birnin Faransa, ta buɗe kogin Seine ga masu iyo ranar 5, karo na farko tun 1923, bayan kashe kusan yuro biliyan 1.4, ciki har da tankin ƙarƙashin ƙasa na Austerlitz. Washegari aka yi ruwa, aka rufe wuraren. Ciwonsu ɗaya da Landan.

Magajin gari Sadiq Khan ya yi alkawari a 2024 cewa cikin shekara goma za a iya iyo a kogunan Landan. A tsakiyar birni dai da wuya, ko ruwan ya yi tas: tun 2012 an hana iyo daga gadar Putney zuwa Crossness sai da izini, saboda ƙarfin igiya da jirage. Ranar 21 kuma kwamitin binciken harkar ruwa da Sir Jon Cunliffe ya jagoranta ya ba da shawarar a rushe Ofwat a kafa sabuwar hukuma, gwamnati ta karɓa.

Satumba 2025

An kwashe tsibirin tishu. Shekara da shekaru jiƙaƙƙen tishun da ke fitowa daga bakunan magudanai yana taruwa a wata kwana kusa da gadar Hammersmith, inda ruwa ke rage gudu, ya cakuɗe da laka da ƙirare har ya yi tudu mai faɗin filin tanis biyu, zurfinsa a wasu wuraren mita ɗaya. Wanda ya taka shi in teku ta janye zai ji yana lotsawa, in ya ja wani zare sai tsumma toka-toka ya biyo hannunsa, wani na riƙe da wani. 'Yan sa-kai na ƙungiyar Thames21 sun yi shekaru suna ƙirga shi da hannu, taku-taku. A Agusta hukumar tashar ruwan Landan ta kawo motar haƙa mai cokali kamar mataci, tana ɗiba tana girgizawa, laka ta zube tishun ya tsaya. Cikin mako uku an fitar da tan 114, tishu kusan miliyan 5.

Abin da ya rage a aikin shi ne gwajin hadari da miƙa ragama ga Thames Water, wanda har yanzu masu binsa bashi da gwamnati ke ja-in-ja kan makomarsa, tun da kamfanin KKR na Amurka ya janye tayinsa a Yuni. A hunturun nan abu uku zan sa wa ido: sau nawa ramin zai cika, awa nawa Mogden za ta yi tana zuba, da kuma wannan gaɓar ta Hammersmith. Tashar famfon da ke kusa da ita tana cikin 21 ɗin da aka haɗa, don haka in 'yan sa-kai suka koma ƙirga a bazara suka tarar tudun ya fara dawowa, daga sama tishun yake zuwa.